Dakta Abdulnasir da Jinin da Ba Ya Son Tsayawa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, Allah Ya yi wa Dakta Abdulnasir Ubaidullahi, likitan haƙori a Gwarzo, rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina kan keke a shagona na ɗinki a Garo, ina haɗa wuyan wata riga, wani direba da ke jigila tsakanin Kabo da Gwarzo ya leƙo ya ce, "Tela, ka ji likitanka ya cika?" Na sauke ƙafata daga kan keken. Ban ƙara taɓa rigar nan ba sai washegari.

Dakta, manya za su faɗi makarantun da ka yi da muƙaman da ka riƙe. Ni Salisu abin da ya faru a bakina zan faɗa, don shi na sani.

Tun ina ƙarami nake da ciwon zuciya. Da na girma aka yi mini aiki, aka cire wata ƙofar zuciyar da ta lalace aka sa ta ƙarfe. In wuri ya yi tsit, na kusa da ni yana jin ta tana ƙas-ƙas kamar agogon bango. Likitocin zuciya na Kano suka ɗora ni a kan maganin tsinka jini, 'yar ƙwaya kullum da yamma, har ƙarshen rayuwa. In na bari, jini zai iya daskarewa a kan ƙarfen, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki ko abin da ya fi haka. In kuma ina sha, allurar ɗinki ma in ta soke ni sai na ɓata wa mutum yadi. Wanzaminmu, Baba Jibirin, tuni ya daina sa mini aska a kai.

Ana haka wani haƙorina, matauni na ƙasa, ya ruɓe. Kunci ya kumbura, abinci ya gagara, barci ya gagara. Baba Jibirin, wanda ya cire haƙoran rabin mutanen unguwarmu, ya leƙa bakina ya ja da baya, ya ce shi ba zai ɗauki raina a wuyansa ba. Wani mai kemis ya ce abin ai mai sauƙi ne, in ajiye maganin mako guda jinina ya yi kauri, sai a cire. Da wannan shawarar a raina na shigo ofishinka.

Ina tuna ka kamar yanzu: farar hula, tabarau rataye a wuya da zare, hannu yana ƙamshin sabulu. Ba ka ce in buɗe baki ba. Ka ga tabon da ke leƙowa daga wuyan rigata, ka matso ka kara kunne a ƙirjina, ka ɗago kana murmushi.

"Agogonka yana tafiya daidai. Wane magani kake sha?"

Na faɗa maka, na ƙara da cewa daga gobe zan ajiye shi. Murmushin ya ɗauke.

"Wa ya ce ka ajiye? Haƙori za ka bayar, ba rai ba. Ka ci gaba da shan abinka. Tsayar da jinin baki aikina ne, ba naka ba."

A gabana ka buga wa likitan zuciyata waya, kuka daɗe kuna magana. Ka tura ni aka ɗebi jinina aka auna yadda ya tsinke, ka duba ka ce bai wuce ƙa'ida ba. Ka sa mini rana a farkon mako, da sassafe. Na ce maka ranar kasuwa ce, ina da ɗinkin mutane. Ka ce kai ba ka cire wa irinmu haƙori da yamma ko a bakin Juma'a, don in jini zai dawo, gara ya dawo rana na sama, kowa na bakin aiki.

Ranar aikin ka fara ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka ce kada wani datti ya bi jini ya sauka a kan ƙarfen. Ka yi allurar kashe zafi a hankali. Ba ka fizgi haƙorin ba, ka dinga girgiza shi kaɗan-kaɗan, yadda ake tuge rogo a ƙasa mai tauri don kada ya karye. Da ya fito ka cusa wani abu mai kama da soso a ramin, ka ce zai narke da kansa, sannan ka ɗauko allura mai lanƙwasa.

"Tela, yau kai za a ɗinka. In ka ga ɗinkin ya karkace, kada ka faɗa wa kowa."

Daga baya na duba a madubi. Bai karkace ba. Ka jiƙa auduga da wani magani ka ce in cije. Ka zaunar da ni a benci, kana ganin wasu kana fitowa kana leƙa bakina, har ka gamsu. Ka lissafa mini dokoki: ba tofar da yawu, ba kurkurar baki yau, ba kunu mai zafi, ba taɓa wurin da harshe, ba maganin ciwon jiki na kemis sai farasitamol. Ka sa na maimaita. Ka ba ni lambarka.

Na koma Garo lafiya lau. Da alwalar safe na yi azahar; da aka kira la'asar na ɗauki buta. Dakta, mutumin da yake alwala tun yana shekara bakwai, hannunsa ne yake yi, ba kansa ba. Na wanke hannu, na ɗibi ruwa, na kurkure baki sau uku na furzar, yadda na saba. A na ukun ruwan ya fito ja.

Mahaifiyata, Inna Dela, ta yi abin da iyayenta suka koya mata: ta ɗumama ruwa da gishiri ta ce in yi ta kurkurawa, ta ajiye mini kwano in riƙa tofarwa, don kada in haɗiyi jini. Ina tofarwa yana ƙaruwa. Ni ne ɗan farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ranar na ji ta tana cewa, "Salisu! Salisu, dube ni!" A nan na san abin ya kai.

Ƙanwata ce ta buga maka waya. Ka ce a kawar da kwanon da ruwan gishirin, a zaunar da ni tsaye, a naɗe tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi in cije da ƙarfi, kada in buɗe in duba. Ka ce kada a ɗora ni a babur a yi ta jijjiga ni, ga ka nan. Kafin rana ta yi ja motarka ta tsaya a ƙofar gidanmu. A zaure ka buɗe jakarka, ka share wurin, ka sake cusa soson nan, ka ƙara ɗinki, ka danne da yatsanka kana mini hirar farashin albasa har jinin ya haƙura.

Ka tambayi abin da ya faru. Da ka ji, ba ka yi faɗa ba. Sai ka ce, "Shekara nawa ina ce wa mutane kada su kurkure baki, ban taɓa tunawa da buta ba." Ka sa aka kawo maka ruwa, ka tsuguna ka yi alwala a gabana, ka tsallake bakin. Limamin unguwarmu, wanda ya shigo duba ni, ya ce haka ne, kurkurar baki sunna ce, alwalar mai lalura ta cika ba tare da ita ba. Na ji an ce tun daga ranar, duk wanda ka cire wa haƙori sai ka yi masa maganar alwala kafin ya tashi daga kujera.

Amma babban aikin da ka yi ranar ba a bakina ka yi shi ba. Lokacin shan maganina ya yi, aka nemi kwalbar aka rasa. Inna ta ɗaure ta a bakin zanenta. Ta fito ta tsaya a ƙofar zaure, abin da ba ta yi in da baƙo, ta ce:

"Likita, wannan ƙwayar ce za ta kashe mini shi. Na ga jinin da idona. Ba zai ƙara sha ba."

Ka cire hularka ka durƙusa ka gaishe ta kamar ba a tsakiyar tashin hankali ake ba: ina wuni, ina gajiya, yaya aka ji da jama'a. Sai da ta amsa duka, sannan ka ce:

"Inna, jinin da kika gani ina da dabarar tsayar da shi, kin ga na tsayar. Wanda ba kya gani, in ya daskare a kan ƙarfen nan, ni da ke duk ba mu da dabara. Ki bar ni da na waje, ki taimake ni da na ciki."

Ta ce, "In ya sha ya sake ɓallewa fa?"

Ka ce, "Ga ni zaune. Sai dai ki ba ni tuwo."

 Sai ta kwance bakin zanen. Da hannunta ta miƙo mini ƙwayar da ruwa a moɗa. Kai kuma ka zauna, ka bi liman magariba, ka ci tuwon dawa da miyar kuka, ka ce daddawar ta yi, ka sake duba bakina ka ga ya bushe, sannan ka kama hanya. Tun daga ranar ba na shan maganin nan sai daga hannun Inna. Ko ina shago sai ta aiko a kira ni.

Bayan haka, in na shigo Gwarzo sayen zare nakan biya ta wurinka ba don komai ba. Kakan ɗago ka ce, "Tela, me ka ɗinka wa mutane ya karkace?" In benci ya cika kakan nuna ni ga wani tsoho mai irin maganina da ke tsoron kujera, ka ce ya tambaye ni. Nakan ce masa, Baba, ka zauna kawai, wannan ba ya gaggawa.

A zuwana na ƙarshe ka ga wani mataunin a ɗaya ɓangaren ya fara lalacewa. Ka ce ba za mu jira ya kumbura ba, mu bari a sha ruwa, bayan ƙaramar salla in zo. Ga shi azumin ma bai kama ba ka tafi, haƙorin yana nan a bakina, ya fara amsawa in na sha ruwan randa. Ban san wanda zai cire shi ba. Ban san ko zai kara kunne a ƙirjina ba. Na faɗa wa Inna damuwata ranar da muka dawo daga gaisuwa a gidanka. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce ko wane ne, ƙafarta ƙafata, kuma in ya kuskura ya ce a ajiye maganin, ita za ta gaya masa yadda ake yi: a auna jini, a yi da safe, a cusa, a ɗinke, a ɓoye buta.

Ya Allah, ga bawanKa Abdulnasir ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Kamar yadda ya zauna a zaurenmu bai tashi ba sai da hankalin tsohuwa ya kwanta, Ka kwantar da nasa hankalin ranar da kowa ke ta kansa. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Inna ga maiɗakinsa Hajiya Badi'a, da 'ya'yansa Mahbub da Kamila, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa, da duk masu irin ciwona daga Gwarzo har Dugabau da suka rasa wanda ba ya tsoron jininsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Salisu Tela, Garo