Ranar da Na Je Gano Gonar Baba a Kan Keke

Abubuwa da yawa sun same ni a kan keke na manta da su, har da faɗuwar da ta karya mini haƙori. Amma tafiyar da na yi zuwa gonar mahaifina a wata damina, ko na tsufa har na daina gane jikokina, ba na jin za ta fita daga raina.

Ni tela ne a Bici, kuma tun ina saurayi nake da wata cuta da mutane suka kasa gane kanta, wato yawo a keke ba gaira ba dalili. Ranar da ban buɗe shago ba sai na ɗaure gorar ruwa a kariyar bayan keke na bi hanyoyin gonaki, wani lokaci na ɓulla ta wajen Kunci, wani lokaci na miƙa har na kusa Ɗambatta. Abokan sana'ata suna tsokanata, wai mutum da hankalinsa ya bar inuwa ya tafi gaida bishiyoyi. Ba na tanka musu, don wanda bai taɓa sakin feda a gangare iska na shiga rigarsa ba, ɓata baki ne yi masa bayani.

A waccan shekarar Baba ya gama shuka ke nan ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi. Da aka sallame mu daga asibiti na kawo shi gidana a Bici, maimakon na mayar da shi garinmu. Likita ya ce zai iya samun sauƙi sosai in yana cin abinci yana motsa hannun, amma Baba ya juya fuska bango. Matata ta dama kunu, ta dama fura, har farfesun zabo ta yi, sai dai ya kurɓa ya ture. Mutumin da a da muryarsa take kaiwa ƙarshen gona, ya koma sai ka sunkuya kafin ka ji me yake faɗa. Kullum ramewa yake yi, kuma na tsorata ƙwarai, don na ga ba ciwon ne yake neman kashe shi ba, cire rai ne.

Wata safiya bayan an yi ruwa mai ƙarfi ya kira ni. Ya ce, "Lokacin noman farko ya wuce, ko? Na san ciyawa ta cinye gonar nan. Je ka gano mini da idonka, in ya so na haƙura."

Na ce, "Baba, ai sai na buga waya na tambaya."

Ya harare ni. "Mutanen garinmu? Ko gida na cin wuta, in ka kira su lafiya lau za su ce maka."

Gaskiyarsa ce. Ga shi ruwa ya yanke hanyar mota, don haka na bai wa taya iska na kama hanyar da na fi sani, wadda take ratsa gonaki.

Da zuciya mai nauyi na fita, ina ta tsara ƙaryar da zan yi masa in na dawo. Amma ƙasar nan ba ta bar ni da damuwata ba. Ruwa ya danne yashi, hanya ta yi laushi, keke na tafiya ba ƙara sai ɗan kukan kaca. Da na hau tudun farko na tsaya na sa ƙafa a ƙasa, wallahi sai da na ce subhanallahi a fili. Gonaki ne shimfiɗe tudu da kwari har iyakar ganina, babu taku ɗaya da aka bari. Gero ya yi kore shar, gyaɗa ta baje a ƙarƙashinsa, ɗorawa da tsamiya sun yi duhun ganye, gawo kuwa yana tsaye tsirara kamar yadda ya saba in damina ta faɗi. Can ƙasa balbelu sun yi fari a bakin fadama. Ko ina ka duba akwai gida a tsakiyar gona, hayaƙi na tashi, mace na shanya a kan danga. Na sha bin hanyar nan, amma ban taɓa ganin ta wanke fes irin na ranar ba.

Na gangara ta burtali, na ba wa shanu hanya, na sauka na tura keken da na zo wucewa ta gaban wasu dattawa a gindin kuka. Rafin da yake kusa da garinmu ya kawo ruwa har gwiwa, sai na naɗe wando na saɓa keken a kafaɗa. Ina tsakiyar ruwan na fara jin gangar noma. Na ce a raina wani mai rabo ake yi wa gayya, mu kuwa tamu gonar Allah kaɗai ya san halin da take ciki.

Ina hawa tudun ƙarshe na ga ashe tamu ce. Maza ne jere kafaɗa da kafaɗa, sun sunkuya, fartanyu suna tashi suna sauka tare da kiɗa. Akwai mutanen unguwarmu, har da liman da ya ɗaure rigarsa a ƙugu. Akwai kuma mutanen ƙetaren rafi, maƙwabtanmu da yawancinsu Kiristoci ne, waɗanda kakanninmu da nasu suka yi noma iyaka da iyaka. Mata sun ajiye ƙoren fura a inuwa. Na tsaya riƙe da keke ina kallonsu.

Wanda ya fara hango ni shi ne aminin Baba, wani tsoho mai gajeriyar furfura da muke kira Baba na Ƙetare. Shi da mahaifina tun suna kiwon awaki suke tare, kuma ban taɓa jin sun haɗu ba su zagi juna da wasa ba. Ya ɗago ya ce, "A'a, ɗan keke! Yaya mai jiki? Har yanzu ragon yana kwance?"

Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa gaskiya, cewa Baba ya daina cin abinci. Sai ya ce na zauna na sha fura.

Kafin azahar sun kai ƙarshen gona. Kiɗa ya tsaya, mutane suka fara karkaɗe fartanyu. Sai na lura a tsakiyar gonar an bar kunya guda, layin shuka ɗaya tun daga wannan iyaka har waccan, ciyawa ta sha kan geron. Na ɗauka mantuwa ce. Na tuɓe riga na ari fartanya, ina murna ni ma zan sa hannu. Ban kai ga sara ba tsohon ya daka mini tsawa.

"Kai! Ajiye. Wa ya ce taka ce?"

Na ce, "Baba, ai an manta da ita."

Ya ce, "Mu ne za mu manta? In an yi wa majinyaci gayya a nan, ba a gama masa duka. Gonar mamaci ake nomewa tas. Mai rai kuwa ana bar masa rabonsa. Ka je ka gaya masa mun yi namu, nasa na jiransa, kuma ba mai taɓa masa ko da geron zai mutu."

Ni da aka haife ni a garin, ban taɓa sanin wannan ba, don ban taɓa ganin an yi wa majinyaci gayya ba. Na ɗauki hoton gonar a waya, na yi musu godiya. A hanyar dawowa ban san lokacin da na haye tuddan nan ba.

Na tarar da Baba yadda na bar shi. Na ba shi labari, na kara masa wayar a fuska. Ya daɗe yana kallo, ya sa na matso da hoton. Can sai ya ce, "Dubi mugun tsoho. Duk kunyoyin gonar nan, mafi tsawo ya zaɓa ya bar mini." Ya goge ido da hannun hagu, ya ce a kawo masa kunun nan, kuma a sa tsamiya sosai.

Daga ranar ya fara matsa ƙwallon tsumma da na ɗinka masa, yana ci, yana masifa, mu kuwa muna jin daɗin masifar. Gero ya fara fitar da kai lokacin da Baba ya ce ya isa haka, a kai shi gona. Ya ƙi mota, ya ƙi babur, wai girgiza. A kariyar kekena na ɗauke shi, na shimfiɗa masa matashi, muka bi hanyar gonakin a hankali yana riƙe da ƙuguna, yana yi wa gonar kowa sharhi.

Geron wannan layin ya riga ya tsumbure, noman ba zai ƙara masa komai ba. Amma Baba ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya kama fartanya da hannu biyu, mai lafiya na jan mara lafiya. Yana sara yana hutawa, gumi na zuba. Mutane suka taru a bakin gona, manya da ƙarfinsu, ba wanda ya matsa. Ni kaina sau da yawa ƙafata ta motsa, Baba na Ƙetare yana riƙe mini hannu. Rana ta take sosai kafin ya kai iyaka. Ya dafa fartanyar ya miƙe da kansa, ya juyo ya ce wa amininsa, "To, ragon ya gama."

Baba ya ƙara damina da dama yana noma kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da na koya a ranar shi ne, in kana son mutum ya tashi, kada tausayi ya sa ka ɗauke masa komai. Ka ɗauke abin da ya fi ƙarfinsa, ka bar masa wani abu da ba mai yi sai shi, don ya san har yanzu ana lissafa shi cikin masu rai.