Kalsom Mai Mutuwa Ta Dawo

Mak Esah, wato Inna Esah, mai sayar da busasshen kifi a wani ƙauyen jihar Johor, ba ta taɓa gane sana'ar 'yarta Kalsom ba. An ce mata yarinyar tana Singapura tana fim, ita kuwa ta ɗauka wani irin ɗinki ne.

Ranar da masu majigi suka kafa farin ƙyalle a filin ƙwallo, sai ga Kalsom a jiki, zanƙaleliya kamar bishiyar kwakwa, tana tari. Kafin tsohuwa ta gama salati, yarinya ta faɗi a cinyar wani mai gashin baki, ta cika. Maƙwabta suka yi bayani har bakinsu ya bushe, amma wa zai musa wa uwa abin da idonta ya gani? Ta dafa shinkafar sadaka. Liman ya san gaskiya sarai, sai dai bai ga dalilin yin gaba da shinkafa ba.

Ana cikin addu'a Kalsom ta sauko daga bas, baki raɗau da janbaki.

"Mak, wa ya rasu?"

"Ke mana, ja'ira! Wa ya tono ki?"

"Wasa ne fa, Mak. Aikina ke nan."

"Mai gashin bakin mijinki ne?"

"A'a."

"Ki rasa inda za ki mutu sai cinyar ƙato?"

Ashe Kalsom ta iya mutuwa, masu fim suka liƙe mata. Yau guba, gobe kogi, jibi wuƙa, ba ta taɓa ganin ƙarshen fim da ranta ba. Ta yi suna, mata suna kuka tun daga layin tikiti. Mak Esah dai kanta bai daina ɗaurewa ba. Duk mutuwa sai ta ɗora tukunya, don ba a san ta Allah ba, Kalsom kuma ta zo ta cinye sadakarta.

Wata damina Jusoh, ƙanen Mak Esah, ya shigo idanu jawur. Mota ce ta kife da Kalsom.

"Mai gashin bakin yana wurin?" in ji tsohuwa.

"Yaya, wannan ba majigi ba ne. Da hannuna na sa ta a kabari."

"Wancan karon ma da idona na ga an binne ta."

Jusoh ya fashe da kuka, ta bi shi da kallon tausayi. Sannan ta zuba shinkafa, ta rufe kwanon Kalsom, ta ja kujera bakin hanyar bas.