Ƙwan Zabuwar Daji a Gonar Wakafi

Bayan rasuwar mai gidana, ƙungiyar da ke taimakon zawarawa a yankinmu na Dogarawa ta yanka mini wuri a gonarta. Wani dattijo ne ya bar mata filin wakafi. Sharaɗin wurin a fili yake: ba a zuba takin zamani, ba a fesa guba, ba a kashe abin da ke rayuwa a ciki, ba a kuma fitar da shi. Da rani muke haƙa ƙananan ramuka mu cika su da kashin awaki da muke ɗaukowa a amalanke. In tsutsa ta kama wake, 'ya'yan bedi, wato darbejiya, muke dakawa da barkonon da muke kira tonka, mu jiƙa, mu yayyafa.

Rabona ya faɗo a gefe, jikin sabarar da aka hana sarewa. Wata damina ina noma sai zabuwar daji ta tashi fir daga gindin hatsi, har na yar da hauya. Na leƙa, ga ƙwai ta tara. Na kewaye wurin, na bar mata ciyawarta.

Bayan kwana kaɗan na zo da sassafe na tarar da gashinta warwatse, ga sawun muzuru. Na taɓa ƙwan, da sauran ɗumi. Na kwance ɗankwalina na naɗe su.

A bakin shinge mai gadin gonar ya tare ni, tsoho ne sa'an mahaifina.

"Ɗiyata, mi kika ƙunso? Kin san doka."

"Baba, na santa. Ƙwan zabuwa ne, uwarsu ta mutu. In na bar su, rana ta dafa su kafin azahar. Kazata na kwanci."

"In magabata suka tambaye ni fa?"

"Ka ce musu ni na ɗauka, kuma da ƙafafunsu za su dawo."

Ya jima yana dubana, sannan ya kauce mini.

Kazar ta karɓe su. Da suka ƙyanƙyashe muka gane jinin daji daban yake: ko tari ka yi sai su ɓace ƙarƙashin rumbu. Gara nake tono musu, ina haɗawa da tsaki. Wasu sun mutu, mafi yawa sun tashi.

Uwar mijina, wadda muke zaune tare, ta sa musu ido. Ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Allah Ya kawo miki nama har gida, ki kwashe ki kai wa dila? A fige musu fiffike su zauna."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Na riga na yi alkawari."

Da wake ya fara fure, na zuba 'yan zabin a kwando na ɗauka a ka zuwa gonar. Na kira mai gadi ya zama shaida. Da na buɗe, sai suka tsaya cirko-cirko, kamar ba su yarda ba. Can ɗaya ta hango fara ta bi ta da gudu, sauran suka rufa mata baya cikin waken. Tsohon ya yi ta dariya har yana riƙe ciki.

Inna ta yi fushi, ranar ko furata ba ta sha ba. Ita kuwa kazar ta yini tana zagaya rumbu tana kira. Da mako ya kewayo ta haƙura, ta koma yin ƙwanta a bayan murhu.