Ruwan Ɗakin Almaz

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ƙanena Mansur ya faɗi a layin ɗiban ruwa. Motar ruwa ta tsaya a bakin lungunmu na unguwar Karantina, yara sun yi cincirindo da jarkoki, direba yana ta "yalla, yalla" kamar mu muka kawo masa zafin Jidda. Ina riƙe da tiyo sai na ji jarka ta kife a bayana. Na waiga, ga Mansur cikin taɓo, jiki ya sandare, ido ya juye, kumfa na fita ta gefen baki. Shekararsa shida. Yaran da muke langa da su kullum suka watse, wata mata tana ihu kada kowa ya taɓa yawunsa. Wallahi har yau in na tuna matar nan sai raina ya ɓaci. Ni kaɗai na ja shi zuwa inuwa.

Kaka Dije ce take riƙe da mu. An kama babanmu tun ina ƙarama aka mayar da shi Najeriya, innarmu kuma tana aikatau a gidan wasu Larabawa, ba ma ganinta sai ƙarshen wata. A ɗaki aka haife mu, babu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, babu takardar haihuwa, don haka asibitin gwamnati sai dai mu hango shi daga nesa. Kaka ma ba ta kawo zancensa ba. Ta dubi yaron ta ce, "Mutanen ɓoye ne, na san tafiyarsu." Ta fito da tsohon kaskonta, ta zuba garwashi da wasu sassaƙe da ta adana tun zuwanta ta Sudan, ta sa ni toshe ƙasan ƙofa da tsumma. A ƙasar nan in aka ji kana harka da iskoki, sunanka mai sihiri, kuma hukuma ba ta wasa da wannan. Haka muke turare a ɗaki rufe, muna tari, idanu na ruwa, Mansur kuwa bai fasa faɗuwa ba, yau a makarantar allo, gobe a bakin tanda wurin sayen burodi.

Bango ɗaya ya raba mu da Almaz, wata Bahabashiya Kirista da ta gudu daga hannun kafilinta, ubangidan da ya kawo ta ƙasar, take aiki a ƙaramin asibitin kuɗi. Nas ce tun a ƙasarsu. Ita ma ibadarta a ɓoye take yi. Tana da hoton Nana Maryamu a bango, lulluɓe da gyale, da kwalbar ruwa a ƙarƙashinsa. In na je taya ta tsintar shinkafa takan ba ni labarin wasu tsofaffi a duwatsun garinsu, waɗanda suka bar duniya suka shiga kogo, suna maimaita addu'a guda har ta zame musu numfashi. Daga maɓuɓɓugarsu aka ɗebo ruwan. Amma in ta zo kan ciwon Mansur sai ta ce wuta ce take tartsatsi a ƙwaƙwalwa, irin na wayoyin lantarkin lungunmu. Ni da bakina ba ya shiru, na ce to in wuta ce me ya kawo addu'a? Ta yi dariya ta ce, "Wanda ya kunna wutar fa, ba za a yi masa magana ba?"

Ƙwayoyi Almaz ta fara kawowa. Kaka ta watsa su a kwata a gabanta, ta ce maganin asibiti fusata mutanen ɓoye yake yi. Amma da ta ji labarin ruwan, tabɗi! Tsohuwar da carbi ba ya barin hannunta ta gyara zama ta ce, "Waliyyan Habasha ba ƙarya ba ne, aljani yana tsoronsu." Daga ranar Almaz take shigowa safe da yamma da ɗan kofi, ta riga ta zubo daga ɗakinta. Ta dafa kan Mansur, leɓɓanta na motsi, shi kuma ya shanye yana yamutsa fuska saboda ɗaci. Faɗuwa ta tsaya cak. Ya koma ƙwallo babu takalmi, ya koma bina tsintar gwangwanaye da buhu a kafaɗa, har ƙiba ya yi. Kaka ta ce turare ya kore su, ruwa ya rufe ƙofa. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar a watannin nan ba.

Wata rana da hantsi aka yi kame a bakin titi, aka kwashe Almaz da kayan aikinta a jiki. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Da yake a wurin Kaka take barin makulli, Kaka ta shiga ta ɗauko kwalbar, ta kulle ɗakin. Ruwan ya kusa ƙarewa, sai ta yi irin yadda ake yi wa rubutun sha, ta ƙara zamzam har wuya, ta ce albarka ba ta tsinkewa. Mansur ya kurɓa ya ce, "Kaka, yau babu ɗaci." Ta yi hamdala, ta ce ciwon ne ya bar bakinsa.

Mako bai cika ba ya faɗi bayan la'asar, kuma wannan karon bai farfaɗo ba. Jijjiga ɗaya na sakinsa wata na kama shi. Kaka ta yi turare har ɗakin ya turnuƙe, ta ɗiga masa ruwan a leɓe. Da wani maƙwabci mai tasi ya ce ya isa haka, asibiti za a je, sai da ta tsaya tsinke layun wuyansa, ta sauya masa riga don kada a ji warin hayaƙi. A hannuna ya cika, muna shiga ƙofar asibiti. Likitocin suka karɓe shi da gudu. Babu wanda ya tambaye mu iƙama.

Bayan bakwai mai gidan haya ya zo kwashe kayan Almaz. Da ya cire hoton daga bango, sai kwalayen ƙwayoyi suka zubo daga wani rami, da cokali biyu masu farin gari a jiki. Innarmu ta ɗauki kwali ɗaya ta gane shi, irin wanda take ba ɗan uwargijiyarta mai farfaɗiya ne kullum. Ta zauna a ƙasa da kwalin a hannu, nan muka gane abin da yake sa ruwan ɗaci. Kaka kuwa ta ba ni kaskon ta ce in kai juji.

Yanzu an rushe Karantina, ko lungunmu ba zan iya nunawa ba. Ina zaune a unguwar Waziriyya, akwai kantin magani a ƙasan benenmu, 'ya'yana suna da takardu, kuma ba su san warin sassaƙe ba. Na daɗe ina neman wadda zan ji haushi, Kaka ko Almaz, na rasa. Kewarsu nake yi su biyun. Kowacce ta so yaron nan da iyakar abin da ta sani, kuma tsoro ya hana su haɗa saninsu wuri ɗaya.