Ƙasar da Na Roƙo a Marke ta Gulbi

Garinmu Marke yana cikin dajin da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. Tun ina yarinya na san ba mu kaɗai ke da sunan ba. Akwai Marke ta Gulbi kusa da Gummi, garin masunta. Akwai wata a Nijar. Akwai ta Gwanja da fataken goro sunka kafa, akwai ta Sudan, ta mutanen da sunka kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare musu, sunka zauna. An ce ta Sudan har makaranta gare ta mai wannan suna, yaranta Larabci suke yi, ba su ma san marke itace ba ne. Daga baya wani ɗan garinmu ya buɗe shagon magani a Legas, ya rubuta sunan bisa ƙofa. Wannan ban sa shi cikin dangi, fenti ne kawai.

Ƙasa ce ke sa gari ya ci sunanmu. In mutane za su tashi su kafa wani wuri, tsohuwar da ta girmi kowa ita ke shiga gidan kakanninmu, ta share ƙasar gindin turmi, wadda ƙafafun mata sunka taka, ta ƙulle a tsumma ta ba su. In sun isa sai a cuɗa ta cikin daɓen ɗakin farko. A ɗakin nan ake haihuwar ɗan farko na sabon gari, bisa daɓen nan yake rarrafe, ya lashi abin da zai lasa. Daga nan garin ya zama ɗiyar garinmu. Kakata ce ta ba masunta tasu, ina riƙe da gefen zanenta tana shara.

Na yi aure a garin, na haihu, na aurar, mijina ya rasu. Sai zinari ya zo. Baƙi sunka cika gari da buhunan dutse da injin niƙa, mazanmu sunka bar gona sunka bi su. Abin da injin bai ci ba sai a kawo gida, mata su daka a turmin da suke surfe. Ni ban daka ba, don kafaɗata ta riga ta ƙi aiki, ba don na fi kowa sani ba. Ina zaune dai ina kallo. Ƙura ta kwanta bisa randa, bisa faifai, bisa gashin yara.

Agwagi ne sunka fara. Da safe sai ka ga agwagwa tana juyi wuri ɗaya, wuya a murɗe, kafin azahar ta mutu. Na faɗa, anka ce ciwon kaji ne. Da agwagi sunka ƙare sai abin ya koma kan yara, masu rarrafe da waɗanda sunka fara tafiya. Yaro yana wasa sai ya sandare, ido ya juye, haƙora su datse. Jikokina uku, ɗiyan babban ɗana, duk a damina ɗaya. Ta ƙarshen a cinyata ta cika, hannunta a dunƙule da ƙasa.

Likitoci sunka zo daga nesa da wani ƙarfe da suke nuna wa ƙasa. Sunka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen, yanzu kuma tana cikin tsakar kowane gida. Anka kankare ƙasar garin gida gida, anka zuba a buhuna, anka kai wani babban rami bayan gari da anka shimfiɗa wa baƙar leda, anka rufe. Tipa ta kawo jar ƙasa daga wani wuri anka baje mana. Ranar da anka kankare gidan kakanninmu na tsaya har sunka kai gindin turmi, na bi amalanken da anka ɗora buhun a ƙasa har bakin ramin, na ga inda buhun ya faɗa. Ba wanda ya aike ni. So nake in san wurin.

Mun zauna bisa jar ƙasar nan shekaru, har ɓarayin daji sunka matsa mana. Munka tashi da abin da kai zai iya ɗauka, munka zo Anka, munka raɓa a wani gini da ba a gama ba. Wasu sunka wuce Gusau, wasu Yawuri, wasu ba mu san inda sunka nufa ba. Da anka ba mu fili a bayan gari, maza sunka zauna sunka ce sunan wurin Marke, don duk wanda ya ɓace mana, in ya sauka tasha ya tambaya, a nuna masa hanya. A lokacin ba wanda ya girme ni a cikin mata. Matar babban ɗana kuma tana da ciki, na farko tun bayan waɗancan ukun. Kowa ya san ita za ta shiga ɗakin farko.

Ɗana ya same ni ina tsintar wake.

"Inna, gobe in ɗauke ki bisa babur zuwa tsohon gari. Da hantsi mu je, kafin la'asar mun dawo. Mutanen daji ba su tare tsohuwa."

"In ɗebo mi?"

"Ƙasa mana, Inna."

"Wace? Ta tipa?"

Na ce masa wadda ke gindin turmi yanzu ko ni ban san garinsu ba. In ita za a sa, a je a tambayi direban tipa inda ya ɗebo ta, a ba wurin sunan can.

Ƙanen mijina, wanda ba ya rasa dabara, ya leƙo. "To ai kin san inda ta gaskiyar take, matar yaya. Kowa ya gan ki kina bin amalanke kamar mai rakiyar amarya. A tona gefen ramin a ɗebo ɗan kaɗan, ko cikin cokali ne. Cokali ɗaya mi zai yi a ɗaki guda?"

Na ce, "Waɗanda ke kwance can, da buhu sunka ci?"

Ya janye kansa ya wuce.

Liman ya zo da kansa, mutum mai haƙuri, ɗan malaman garinmu. Ya ce, "Inna, ƙasa duk ta Allah ce. Wannan al'ada ce, ba farilla ba. A yi addu'a a sa suna, shi ke nan." Na ce gaskiya ne, Malam, ban ja da kai ba. Ku yi addu'a ku kira wurin Sabon Gari kamar yadda kowa ke yi, ba mai zunubi. Amma ni ba zan buɗe baki in ce masa Marke ba, matan da ke bayana ma ba za su ce ba. Ya san haka ne, don mata ke riƙe sunan wuri, su ke faɗa wa yara daga ina suke.

Magana ta tsaya nan, bango yana tashi, ciki yana girma. Wata safiya surukata ta kawo mini kunu, ta durƙusa, ba ta tashi ba. Yarinya ce marar magana, tun da ta binne ukun nan ta ƙara yin shiru.

"Inna, na ji Baba ƙarami yana cewa in kin ƙi, shi zai je ramin."

"Ya ce haka?"

"Ya ce. Inna, don Allah kada a sa ni haihuwa bisa abin da ya cinye mini ɗiya." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kuma ba na so in an tambayi wannan daga ina yake, ya ce daga bayan tasha."

Na sha kunun ina tunanin kakata da tsintsiyarta. Ƙasar da ta share wa masunta ta bar garinmu tun ba a san akwai zinari a dutsenmu ba.

Na kira ƙanen mijina na ce masa in ya taɓa ramin nan kafin in dawo, ni da shi har Lahira. Na shiga motar Gummi ni kaɗai. Daga Gummi mai babur ya ratsa da ni cikin fadama, shinkafa kore shar ta ko'ina, har inda hanya ta ƙare anka sa ni a kwalekwale. Ban taɓa zuwa Marke ta Gulbi ba. Da na ji mai tuƙi yana kiran sunan garinmu yana nuna wasu bukkoki masu hayaƙi a tsallake, sai da na sa ya maimaita.

Anka kai ni wurin tsohuwarsu, tana banda kifi. Na girme ta, amma ta fi ni ƙiba da baki. Da ta ji daga inda nake sai ta tafa hannu.

"Lale da mutanen tudu, masu cin dutse! Yaya, yau uwa ta tuna da ɗiya? Tun da kunka sallame mu ko ƙwaryar gero ba ku aiko ba."

"Ku ma ko kan tarwaɗa ba mu gani ba."

Ta yi dariya, ta ba ni ruwa, ta sa mini kifi a gaba. Sai da na ci sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ji labarin yaran tun a rediyo, amma ba ta san an kwashe ƙasar ba. Ta daɗe tana juya kifi ɗaya.

"Kin zo wurin da ya dace," ta ce. "Ni ce anka haifa a ɗakin farko. Rabin ƙasarku ni na lashe ta, ga ni nan kuwa, ko ciwon kai ba na yi."

Ɗakin yana nan, ambaliya ta ci bango ɗaya, sun mai da shi wurin ajiye taru da gora. Ta sa anka kwashe kayan, ta kori maza, ta ɗauki fartanya da kanta. An sake daɓen ɗakin ba sau ɗaya ba, kowane bisa na baya. Tana sara tana faɗa mini: wannan na aurena ne, wannan na bayan babban ruwa. A can ƙasa ta kai ga wani baƙi mai sheƙi, wanda makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, ta kama shi ya yi tauri kamar kasko. Ta ɓamɓaro yanki kamar tafin hannu.

Na ce, "Tamu nawa ta rage a ciki?"

"Allah ya sani, Yaya. Amma tana ciki."

Na ƙulle a bakin zane. Ta rako ni bakin ruwa tana tsokana. "Kin dai san ƙa'ida. Wanda ya ba da ƙasa shi ne uwa. Daga yau ku ke gaishe mu da Sallah." Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta yanke. "Can tsohon garin, wa ya rage?"

"Yaran."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai."

Ta tsaya bakin ruwa har kwalekwale ya tashi.

Da na dawo na sa anka sassaƙo sabon turmi, wanda bai taɓa ganin dutse ba. Na cire ɗan gutsure na ajiye, sauran na daka da hannuna duk da kafaɗar, munka cuɗa da tsakuwa da ruwan makuba. Mata sunka taru da madaɓai. A da in ana daɓe har ƙauyen gaba ana jin waƙa. Ranar ba wadda ta ɗaga murya, sai ƙarar itace bisa ƙasa. Liman ya zo ya yi addu'a a bakin ƙofa, bai tambayi abin da ke cikin daɓen ba, ni ma ban faɗa ba. Ni na fara kiran wurin da sunansa.

Ɗiya mace surukata ta haifa. Da yarinyar ta fara rarrafe na ɗauko tabarmata na dawo bakin ɗakin. Ta lashi daɓen kamar yadda kowane yaro ke yi. Uwarta ta zabura za ta ɗauke ta, na ce bar ta. Na duba idonta, na duba wuyanta, na buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi ta yi har ta miƙe ta yi tafiya. Yanzu tana zuwa makarantar allo, bakinta ya fi na kowa a gidan.

Mutanenmu sun fara dawowa. Suna sauka tasha su ce Marke, masu babur su ce wacce, ta bayan gari ko ta Gulbi? Tsohon garin ba mai tambayarsa. Samarinmu kufai suke ce masa, in na ji ina tsawata musu, don akwai masu kwana a can, kuma ba su san an sake wa garinsu suna ba. Wani lokaci in yarinyar nan ta ruga ta bayana, sai in ji kamar sawun ya fi na mutum ɗaya. Ba na waiwayawa.

Gutsuren da na rage yana cikin kwallata. Na nuna wa surukata wurin, na ce in an sake tashinmu ba sai ta shiga kwalekwale ba.

Na kuma sayi agwagi na zuba a tsakar gida. Suna ɓata wuri, ɗana yana ƙorafi, na ce ya bar mini abina. Kowace safiya in na idar da salla, kafin in amsa gaisuwar kowa, sai na fita na ga yadda suke tafiya.