Tambayar Baba a garejin Stratford

Shekarata ta biyu ina karatun injiniya a Landan mahaifina ya zo. Direban tirela ne, ya kusa shekara talatin yana jan motar wani Alhaji tsakanin Kano da Legas. Lokacin kuɗin mai sun shigo, kowa gini yake yi, siminti ya taru a tashar jirgin ruwa ba motar kwasa. Alhaji ya ƙudura sayen sababbin motoci shida, ya taho da Baba don ya zaɓa, domin a harkar mota maganar Baba yake bi. Ni kuma aka ɗauke ni tafinta.

Na yi murna, na kuma ji kunya, ba zan ɓoye ba. A flat ɗina na Camberwell Baba ya kwana, ya ƙi hawa gado wai laushinsa zai karya masa baya. A tube kuwa, jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya gaishe shi da Hausa, ni ina ta sunkuyar da kai.

Garejin yana wajen Stratford, inda ake tara motocin da za a fitar ƙasashen waje. Duk na Turai ne, masu shafaffiyar fuska, direba a saman inji, gilashi a gabansa sai titi. A can gefe akwai guda ɗaya 'yar Amurka mai dogon hanci, tana jiran jirgi zuwa ƙasar Larabawa. Baba ya wuce sauran kamar bai gan su ba, ya je ya dafa hancinta.

Baturen mai sayarwa ya yi bayani, ni ma na san bayanin daga aji. Titunan Turai matsattsu ne, kuma doka ta ƙayyade tsawon mota, don haka suka yanke hanci suka ba kaya wurin. Irin wannan mota tana shan kwana da sauƙi, direba yana ganin abin da ke gindin tayarsa. Amurkawa suna da fili da doguwar hanya, sai suka bar injin a gaba, direba ya miƙe ƙafa ba zafi a ƙarƙashinsa. Don ya burge mu ya sa aka kifa kan wata motar Turai gaba ɗaya, injin ya fito fili. Baba ya tambaya ko duk sanda zai duba mai sai ya kwashe butarsa da tabarmarsa da tukunya. Alhaji ya yi dariya, ni ban yi ba.

Daga nan Baba ya hau ta Turai, ya zauna, ya miƙa hannu ya taɓa gilashin da tafinsa. Ya daɗe a haka kafin ya sauko.

"Tambaye shi," ya ce da ni, "in wani ya yi barci ya shigo hannuna a kwana, ni da ƙarfe wa zai fara tarbarsa? Na ciro abokaina uku daga mota, na san abin da nake tambaya."

Na dubi Baturen da farar rigarsa, na ji tambayar ta yi mini ƙauyanci. Sai na ce mahaifina yana son sanin ƙarfin birki. Baturen ya yi ta yabon birki, na juya wa Baba da Hausa, ya gyaɗa kai.

Alhaji ya waiwayo ya ce da ni, kai da ka yi boko me ka gani. Da ma abin da nake jira ke nan. Na zuba lissafin mai da na kayan gyara da nisan Amurka, na ce zancen hanci sabo ne kawai irin na tsofaffin direbobi. A gaban ubana na faɗi haka. Alhaji ya sa hannu a kan shida na Turai, kuma wannan ne karo na farko da ya sayi mota bai dubi fuskar Baba ba.

Har yau ina ganin lissafina daidai ne. Motocin sun yi aiki, Baba ya ja tasa har ya ajiye tuƙi lafiya. Amma ni a takarda na san motar, shi ne zai zauna kamu biyu daga gilashi, kuma ban bar shi ya ji amsa ba.

Ran Juma'a muka yi salla a masallacin Regent's Park. Muna sa takalma na ce na yi booking ɗin motar da za ta kai su filin jirgi, ya ce madalla. Ya gama ɗaure takalminsa a hankali, bai ɗago ba.

"Ba na jin Turanci," ya ce, "amma na san tsawon maganata. Da ka juya ta, ta yi gajarta."

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce in bari. Ya ce shi ya biya kuɗin makarantar, ba zai yi fushi don boko ya kama ni ba.