Ladan Ya Kira, Rana Tana Kallona

Ku ba ni kunnuwanku, 'ya'yana da jikokina. Yau a Hartum rana ta ƙi faɗuwa, kuma ni ce shaida.

'Yata Halima aiki ya riƙe ta a dogon benen nan na bakin kogi, inda take shara. Ga azumi, ga zafi. Na ɗauko hilu-mur, abin shan nan na buɗa-baki, mai sanyi da dabino tun daga unguwar Alsawra na kai mata. Aka sa ni a akwatin ƙarfen nan, ya haura da ni can ƙololuwa.

Muna zaune sai ladan ya kira magariba daga ƙasa. Usmanu mai gadi ya kafa kai ya shanye kofinsa. Na ɗaga dabino ke nan, idona ya faɗa kan taga. Ga rana ja wur bisa garin Umdurman, rabinta a waje!

Na riƙe hannun Halima. "Kada ki sha."

"Inna, ai an yi kira."

"Ladan yana ƙasa, tasa ta faɗi. Tamu ga ta nan."

Usmanu ya leƙa, ya dafe kai. "Ya Hajja, tun farkon wata a nan nake shan ruwa."

Muka jira, maƙogwaro kamar garwashi, har ta nutse.

Halima ta sha, azuminta lafiya lau. Usmanu ya tafi neman malami ya ji hukuncin azuminsa. Ni kuwa aka ɗauke wuta, na sauko da ƙafa, gwiwoyina suna kuka. Gobe a ƙasa zan sha ruwa, inda Allah ya ajiye ni.